RINI DA BUGA ADO A TUFAFI: SHAWARA GA MASU ƘARAMAR SANA'A

Gabatarwa

An shirya wannan 'yar takarda domin maɗinka, da marina, da matan aure masu sana'a a cikin gida, da samarin da suka tara ɗan jari suna so su shiga cinikin tufafi. Da yawa daga cikinsu sun iya ɗinki, sun kuma iya zaɓen launi mai ɗaukar ido. Amma akwai abu guda wanda ya fi kome karya mai wannan sana'a, watau launin da ba ya zama a jikin tufa. Mutum ya sayi riga ran Alhamis, ya sa ta ran Juma'a, a wanke ta ran Asabar, sai ruwan wanki ya koma ja, fararen kayan da aka jiƙa tare da ita su ɓaci. Wannan mai saye ba zai sake dawowa ba, ba kuwa zai yi shiru ba. Kafin mako ya kewayo unguwa duka ta ji labari.

Sau da yawa in haka ta faru akan ɗora wa galura laifi, ko a ce rashin sa'a ne. Alhali kuwa galibin ɓarnar tana da dalilin da za a iya ganewa, a kuma kauce masa. Launi yana zama ne in an cika sharuɗɗa uku: a san irin zaren da aka saƙa tufar da shi, a auna kayan rini da ma'auni, sa'an nan a gwada aikin kafin a miƙa wa mai shi. Bayanin waɗannan sharuɗɗa shi ne abin da ke cikin takardar nan.

Sana'ar da muka gada

Rini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Marinan Ƙofar Mata a birnin Kano suna lissafin kafuwar karofinsu tun daga shekarar 1498, har yau kuwa ana aiki a wurin. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Ya rubuta cewa rinannun tufafin Kano suna kaiwa har Gat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Garin Kura kuma ya yi suna wajen turkuɗi da baƙin rawani mai walƙiya, wanda Buzaye suke ƙauna ƙwarai.

Daga baya sai galurar kanti ta shigo. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, ya haɗa galura ta farko daga sinadari. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baba na masana'anta. A 1956 kuma kamfanin ICI na Ingila ya fito da wata irin galura mai suna Procion, wadda take kama auduga ko da a ruwa mai ɗumi kawai. Ita da 'yan'uwanta su ne suka sauƙaƙa wa mai ƙaramin jari, domin da bokiti biyu da sikeli zai iya fara aiki a tsakar gidansa.

Sai dai sauƙin nan ya zo da tarko. Marinin dā ya san farinsa, domin audugar da aka noma a ƙauye ce, aka kaɗa, aka saƙa a gabansa. Ko lokacin da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, farin yadin da ke kasuwa galibi na auduga ne. Yanzu yawancin manyan masaƙun Kaduna da Kano sun rufe, yadi mai yawa daga waje yake zuwa, wani kuma an gauraya shi da zaren roba. Saboda haka marinin yau dole ya fara da tambayar da kakansa bai taɓa bukatar yi ba: wannan tufa da me aka yi ta?

Sharaɗi na farko: san tufarka

Zare iri uku ne. Akwai wanda ya fito daga tsiro, kamar auduga da lilin. Akwai wanda ya fito daga dabba, kamar ulu da siliki. Akwai kuma na roba, wanda aka yi daga man fetur, babbansu shi ne foliyesta. Ko wane iri da galurar da take kama shi.

Kada ka dogara ga abin da aka rubuta a bakin yadi, ko ga rantsuwar mai kanti. Yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, ka riƙe shi da awartaki a bisa kwanon ruwa, ka ƙyasta masa ashana. Auduga takan kama nan da nan, ta yi ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi wadda iska ke ɗauka. Ulu da siliki sukan yi ƙaurin gashi, su bar baƙin gawayi mai murƙushewa a yatsa. Foliyesta kuwa takan takure ta guje wa wuta, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, in ta huce ta bar ɗan dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. In ka ga toka da dunƙule tare, to, yadin gauraye ne.

Ga amfanin wannan gwaji. Foliyesta ba ta rinuwa a bokiti. A masana'anta sai an kai ta zafin digiri 130 a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, ruwa kuwa a murhun gida ba ya wuce digiri 100. In ka tsoma ta a galurar auduga za ta fito kamar ta kama, amma wanki ɗaya zai tafi da launin. Yadin da aka gauraya kuma, audugar cikinsa kaɗai ce za ta sha rini, don haka in ka nemi ja jawur sai ka sami ruwan hoda. Ulu da siliki su kuma soda mai ƙarfi tana cinye su.

A lura da wani abu kuma. Zaren keken ɗinki na yanzu galibi foliyesta ne. In aka kawo maka farar riga ɗinkakkiya ka rina ta baƙa, jikin rigar zai yi baƙi, layukan ɗinki su tsaya fari fat. Ka gaya wa mai ita tun kafin ka karɓa. In kayan naka ne, ka rina yadi tukuna, sa'an nan ka yanka, domin auduga takan shiga a ruwan zafi, rigar da aka auna daidai sai ta koma ta ƙane.

Wankin farko

Sabon yadi yakan zo da sitati da maiƙo daga masaƙa, su ne suke sa shi sheƙi a kanti, su ne kuma suke hana galura shiga. Ɗiga ruwa a kansa ka gani. In ɗigon ya tsaya kamar ƙwai a bisa yadin, bai shirya ba. Tafasa shi da sabulu da ɗan garin sodar wanki wajen sa'a guda, ka ɗauraye sarai, ka sake ɗigawa. In ruwan ya shige nan take, yadin ya shirya. Galibin dabbare-dabbaren da ake gani a rinannen kaya daga tsallake wannan wanki yake zuwa.

Ruwan ma a duba shi. Ruwan kududdufi ko na rijiya mai jar ƙasa yana dushe launi, musamman rawaya da ruwan hoda. A bar shi ya kwana a randa, ya kwanta, a tsiyaye na sama.

Galura iri uku

Galurar da ake sayarwa don auduga ta kasu uku, kuma wajibi ne ka tambayi mai sayarwa wace iri ce yake ba ka.

Ta farko ita ce wadda ake tafasawa da gishiri kawai. Ita ce mafi araha da sauƙin aiki, amma maƙalewa kawai take yi a jikin zare, don haka takan riƙa zuba a kowane wanki. Ba ta dace da kayan da za a sa a jiki ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ta biyu ita ce galurar ruwan ɗumi, irin ta Procion, wadda ake haɗawa da gishiri da sodar wanki. Wannan haɗewa take yi da zaren har su zama abu guda. Launukanta suna da haske, ita ce kuwa ta fi dacewa da mai koyo.

Ta uku ita ce dangin baba, wadda ba ta narkewa a ruwa sai an haɗa ta da soda mai ƙuna, watau kostik irin ta masu yin sabulu, da wata farar hoda mai wari da ake kira haidiros. Ita ce masu rinin shadda suka fi amfani da ita, domin ta fi kowace jure wanki da rana. Ita ce kuma ta fi haɗari ga mai aiki.

Sharaɗi na biyu: awo

Marini da yawa suna auna galura da ido ko da murfin kwalba. Rana ɗaya aikin zai yi kyau, kashegari ya ƙi, shi kuwa bai san dalili ba. A ce an ba ka ankon biki na mutum 30, ka rina 15 yau, 15 gobe. Ran biki in suka jeru aka ga launi biyu, kunyar taka ce. Maganin wannan shi ne ƙaramin sikeli mai auna giram, da jarka mai alamar lita, da littafi.

Ga misalin awo na galurar ruwan ɗumi, don launi matsakaici. A auna yadin yana busasshe. Ga kowane kilo 1 na auduga ana bukatar ruwa lita 20, galura giram 20, gishiri kilo 1, da sodar wanki giram 200. Don launi mai haske a rage galura zuwa giram 5 ko 10, don mai duhu a kai ta giram 40 ko fiye. In kamfanin da ya yi galurar ya ba da nasa awo a takarda, nasa za a bi.

Ga yadda ake yi:

1. Dama galura da ɗan ruwan ɗumi har gudaji su mutu, ka tace da ƙyalle. Gudaji ɗaya ya isa ya bar tabo.

2. Narkar da gishiri a babban baho na roba, ka zuba galurar, ka motsa.

3. Jiƙa yadin da ruwa, ka warware shi, sa'an nan ka sa shi a ciki. Kada ka tsoma busasshen yadi.

4. Yi ta juyawa har minti 20 zuwa 30. Aikin gishiri shi ne ya tura galura zuwa jikin zare.

5. Ɗaga yadin, ka zuba sodar da ka riga ka narkar, ka motsa, ka mai da shi. Aikin soda shi ne ta ɗaure launin. Kada ka zuba ta kai tsaye a kan yadi.

6. Ci gaba da juyawa lokaci lokaci har minti 45 ko sa'a guda.

7. Ɗauraye da ruwan sanyi har ya kusa fita fari, sa'an nan ka wanke da ruwan zafi da sabulu, ka sake ɗaurayewa, ka shanya a inuwa.

Wankin ƙarshen nan shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa, don suna ganin launi yana fita suna tsoron asara. Abin da ke fita galura ce wadda ba ta kama ba. In ba ta fita a bahonka ba, za ta fita a bahon mai saye.

A tuna da abu uku. Jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu, don haka kada ka yanke hukunci sai ya bushe. Ruwan rinin da aka riga aka sa wa soda ba ya ajiyuwa, bayan 'yan sa'o'i ƙarfinsa ya mutu ko da launinsa yana nan. Da hunturu kuma, lokacin da ruwan randa ya yi sanyi ƙarara, sai an ɗan ɗumama shi.

Kowane aiki ka gama, yanki ɗan ƙyalle ka liƙa a littafinka, ka rubuta a gefensa kwanan wata, da irin yadi, da nauyinsa, da awon kome da kome, da inda ka sayi galurar. Bayan shekara guda littafin nan zai fi maka sikelin daraja, domin duk wanda ya dawo yana son irin na bara, za ka iya yi masa.

Baba da danginsa

A karofi ana haɗa baba da toka da kanwa a cikin rijiyar rini mai zurfi, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa da muciya. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne suke sa baban ya narke. A rinin zamani kostik da haidiros ne suke yin wannan aiki a cikin 'yan mintoci, amma hikimar ɗaya ce. Narkakken baba yana shiga cikin zare, in aka fito da tufar iska ta buge ta, sai ya koma yadda yake tun farko, watau abin da ba ya narkewa, ya maƙale a ciki. Shi ya sa za ka ga zane ya fito daga rini kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonka.

Daga nan za ka gane ƙa'idodinsa. Iska abokiyar tufa ce bayan ta fito, amma maƙiyiyar ruwan rini ce. A tsoma a hankali, a juya a ƙarƙashin ruwa, a fitar ba tare da fantsama ba, a rufe baho in ba a aiki. Ruwan baba mai lafiya yakan yi kore mai rawaya-rawaya a ƙasa, da kumfa mai ƙyalli a sama. In ya koma shuɗi duka, ƙarfinsa ya tafi. Duhun launi kuma daga yawan tsomi yake zuwa: a tsoma 'yan mintoci, a shanya ya sha iska, a sake tsomawa, har a kai inda ake so. Wanda ya cika baba da yawa don ya gama da tsomi ɗaya, launin a bayan zare zai taru, ya riƙa gogewa a jikin mutane. Mai sayen rawanin Kura yana son wannan shunin da ke shafa a fata, don a wurinsa ado ne. Ma'aikacin ofis da ya sayi kaftani ba ya so.

Ado ta hanyar hana rini shiga

Hanya mafi araha ta yin ado ita ce a kāre wani sashe na yadin kada rini ya taɓa shi. Akwai ɗauri, watau a tsunkuli yadi a ɗaure da zare tam, ko a ƙulle tsakuwa ko iri a ciki, ko a yi ɗinki a ja shi ya tattare. In aka kwance bayan rini sai a ga zobba da layuka. Ɗaurin da ya yi sako-sako ba ya ba da ado, sai dai tabo.

Akwai kuma kaki. Akan narkar da kakin kyandir, a haɗa da na zuma don kada ya cika farfashewa, a tsoma hatimin katako ko na soso a ciki, a buga a yadi. Dole kakin ya ratsa har baya. Ruwan rini kuma kada ya yi zafin da zai narkar da shi. In an gama sai a tsoma yadin a tafasasshen ruwa, kakin ya taso, a kwashe shi don wani aikin.

Yarabawa, musamman na Abekuta, sun shahara da adire, wanda a wani irinsa suke shafa kullun rogo a yadi da gashin kaza ko ta cikin hujajjen faranti, su bar shi ya bushe kafin tsomi. Duk wanda ya sami halin zuwa kasuwar Itoku a can, zai ƙaru.

Buga tambari da rubutu

Makarantu, da ƙungiyoyin ƙwallo, da masu biki, kullum suna neman a buga musu bajo ko suna a riga. Wannan aiki ya bambanta da rini, domin tawadar bugu ba ta shiga cikin zare. Zama take yi a kansa tare da wani danƙo mai riƙe ta, danƙon kuwa ba ya kamawa sai ya ji zafi.

Kayan aikin su ne firam na katako wanda aka ɗaure wa lallausan ƙyalle kamar rariya, da robar shara mai miƙaƙƙen baki, da tawada, da tebur mai lebur. Akan toshe ramukan rariyar duka sai wurin adon kaɗai. Don rubutu mai sauƙi, takarda mai kauri da aka yanka da reza ta isa. Don ado mai ƙananan layuka akwai wani ruwan magani da ake shafa wa rariyar a wuri mai duhu, a ɗora hoton a kai, a haska da fitila ko rana. Inda haske ya taɓa sai ya taurare, inda hoton ya kāre sai ya wanke da ruwa.

Sa allo a cikin rigar kada tawada ta ratsa zuwa baya. Ɗora firam, ka zuba tawada a gefe ɗaya, ka karkata robar, ka ja ta da ƙarfi ɗaya har ƙarshe. Fara a kan tsumma kafin ka taɓa kayan mutane. Kowane launi da firam nasa, don haka ado mai launi uku aikinsa ninki uku ne, kuɗinsa ma ya kamata ya nuna haka. Da ka gama, wanke rariyar nan take, in tawada ta bushe a ciki ta toshe ke nan.

Bayan bugun ya bushe sai gashi. Tawadar da ake sirkawa da ruwa tana bukatar zafin wajen digiri 150 na minti 3 zuwa 5. In ba ka da injin gashi, shimfiɗa ƙyalle a kan adon, ka goge da dutsen guga mai zafin gugar auduga, kana motsa shi, har lokacin ya cika. Tawada mai kaurin roba tana bukatar wajen digiri 160, ita kuwa ba ta bushewa da iska ko ta kwana nawa. Bugun da bai gasu ba shi ne wanda yake tsattsagewa ya ɓare bayan wanki biyu.

Foliyesta, wadda ta ƙi rinin bokiti, tana da tata hanya. Akan buga hoton a takarda ta musamman da na'ura, a danna a kan rigar da injin gashi a zafin wajen digiri 200, tawadar ta koma tururi ta shige cikin zaren. Wannan hanya tana yi a farar foliyesta ko mai haske, amma ba ta zama a auduga.

Gargaɗi: kada ka buga tambarin wani kamfani ko bajon wata hukuma ba da izni ba. Doka ta hana, ana kuwa iya ƙwace kayan. Ka yi naka tambarin, ka yi wa sunan sana'arka rajista, sunanka ya yi tafiya tare da aikinka.

Sharaɗi na uku: gwaji

Kafin kaya su bar hannunka, yi musu gwaji uku. Na farko, ɗinka ƙyallen rinin da farin ƙyalle, ka wanke su tare da sabulu a ruwan zafi. In farin ya ɗauki launi, aikin bai gama ba. Na biyu, naɗe farin ƙyalle a yatsa ka goga a kan yadin sau 10, da busasshe da kuma jiƙaƙƙe. Na uku, don sabuwar galurar da ba ka taɓa aiki da ita ba, rufe rabin ƙyalle da kwali, ka ajiye a rana mako guda, ka buɗe ka kwatanta. Galurar da ta koɗe a mako ba za ta yi wa ɗan makaranta zango ɗaya ba.

Lafiyarka da ta maƙwabta

Kostik tana ƙona fata, tana makantarwa. Sa safar hannu ta roba mai tsawo, da tabarau, da takalmi rufaffe. Kullum a zuba soda a cikin ruwa kaɗan kaɗan. Kada a zuba ruwa a kan soda, domin takan tafasa ta fantsamo. Kada a haɗa ta a tukunyar alminiyum, tana cin ta. In ta taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, sa'an nan a tafi asibiti.

Babban abin baƙin ciki shi ne na yara. Narkakkiyar kostik kamar ruwan sha take, yaro ya gan ta a gorar lemo ya kurɓa, maƙogwaronsa ya ƙone, wani har ƙarshen ransa ba zai ƙara haɗiyar tuwo daidai ba. Kada a taɓa zuba ta a kwalbar abin sha ko a kofi. A kulle ta a akwati, a rubuta suna a jiki. In tsautsayi ya faɗa, kada a sa yaron ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko tsami, a garzaya da shi asibiti tare da abin da ya sha.

Haidiros a ajiye ta a rufe, a busasshen wuri, domin in ta ji laima takan yi zafi da kanta har ta kama wuta. A yi aiki da ita a fili, a sa takunkumi lokacin auna garin galura. Kaki in ya kama wuta a rufe tukunyar da murfi, kada a watsa ruwa. Kwanon rini kuma ya rabu da abinci har abada.

Ruwan da aka gama rini da shi kada a kwarara shi a lungu inda yara ke wasa da awaki ke sha. A haƙa masa rami mai nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya. Mutanen Kano sun ga abin da dattin masana'antu ya yi wa kogin Calawa da Jakara. Ƙaramin marini ba shi da ƙarfin ɓata kogi, amma yana da ƙarfin ɓata rijiyar maƙwabcinsa.

Lissafi da alkawari

Wajen yanke farashi a lissafa yadi, da galura, da gishiri, da soda, da ruwa, da itace ko gawayi, da sabulu, da guga, da ladan yaran aiki, da ladan kai. A ƙara da ɗan kason ɓarna, domin ko gwani yakan ɓata ɗaya a cikin da yawa. In an ba ka aiki mai yawa, yi samfur guda, mai kaya ya gani ya yarda, ku raba ƙyallen biyu kowa ya riƙe nasa, sa'an nan ka karɓi kafin alkalami. Sayi galurar aikin duka a lokaci guda daga buhu guda. Kada ka karɓi aikin Salla fiye da abin da hannunka zai iya, domin gaggawa ita ce uwar tsallake wanki da gwaji.

A ƙarshe, gaya wa mai saye yadda zai kula da kayansa: ya wanke su su kaɗai a karon farko, kada ya sa musu bilic, ya juya su ciki waje, ya shanya a inuwa, kada kuma ya ɗora dutsen guga kai tsaye a kan bugun tambari.

Abin tunawa

Ƙona ƙyalle kafin ka sayi bandir. Wanke yadi kafin ka rina. Auna da sikeli, ka rubuta a littafi. Wanke bayan rini, ka gasa bayan bugu. Gwada kafin ka miƙa. Kulle soda inda yaro ba zai kai ba.

Wanda yake son ƙarin bayani, sai ya je karofi ko wurin wani gwanin da ke kusa da shi ya zauna ya ga aiki da idonsa, ya kuma tuntuɓi ofishin ciniki da masana'antu na jiharsa a kan koyon sana'a da rajista. Wanda ya iya karatu kuma, ya taimaka ya karanta wa abokan sana'arsa wannan takarda.